Jirgi Ba Ya Tashi Sai Hinnerk Ya Kwance

Shekara talatin da tara Hinnerk Thode ya yi yana ɗaure jiragen ruwa a tashar Hamburg yana kwance su, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa shiga ko guda ya ga yadda teku take ba. Jirgi ya iso, a jefo masa igiya, ya saƙala ta a turken ƙarfe. Jirgi zai tashi, ya zare ta, ya sake ta a ruwa, ya tsaya yana kallon bayansa. Iyakar aikin ke nan. Amma in ka ji shi yana ba da labari, sai ka rantse shi ya haƙa kogin Elbe da hannunsa. Yana da wata magana da duk unguwa ta haddace: "Jirgi ba ya tashi sai na kwance shi."

Ba wanda ya sha jin maganar nan kamar matarsa Gesa. Gidansu yana hawa na huɗu a unguwar Altona, tagar kicin tana kallon kogi, duk jirgin da zai fita teku ta gabanta yake wucewa. A bakin tagar nan ta ƙare ƙuruciyarta. Ta zuba abinci, waya ta yi ƙara, Hinnerk ya suri rigar aiki ya ce yanzu zai dawo, abinci ya huce. Ranar da aka haifi 'yarsu Frauke yana can yana ɗaure jirgin ayaba. Ranar auren Frauke ɗin, kafin a yanka kek ya sulale. Shi kuwa tun ranar nasu auren ya yi mata alkawari, a gaban mutane, cewa wata rana zai sa ta a cikin ɗaya daga fararen jiragen nan na yawon shaƙatawa, ita ma a ɗaga mata hannu daga gaɓa. Alkawarin ya tsufa har ya yi furfura.

Da ya yi ritaya, Gesa ba ta tsaya neman shawararsa ba. Ta je ta yanko tikiti biyu, kwana bakwai zuwa ƙasar Norwe, ta manna takardar a jikin firji.

Ranar tafiya ta faɗo Asabar, cikin watan Yuni, gari ya waye fes. Tun da safe Gesa ta gama shiri. Ta yi gyaran gashi, ta sa sabuwar rigarta shuɗiya, ta rataya madubin hangen nesa a wuya tun suna cikin gida. Ta ciro takardar daga jikin firji ta karanta masa da ƙarfi, yadda ake karanta wa mai nauyin kunne.

"Jirgi zai tashi ƙarfe biyar. Ana rufe shiga uku da rabi. Ka ji? Uku da rabi."

Hinnerk yana fama da maɓallin sabuwar kwat, ya yi tsaki. "Takarda ce za ta koya mini jirgi? Gesa, biyar ɗin ma sai an ga dama. Suna rubuta haka ne don su tsorata 'yan ƙauye."

"To yau kai ma ɗan ƙauye ne. Ina wayarka?"

"Tana can ƙasan akwati, a kashe. Shekara talatin da tara tana kira na, yau ta huta in huta."

Gesa ta dube shi ta saman tabarau. Ta ɗauki fasfo ɗinsa ta haɗa da nata ta zura a jakarta.

Sun isa tashar wajen ƙarfe ɗaya da rabi. Kai, ranar an ga jama'a! Motocin bas suna ta sauke mutane, tasi na bin tasi, akwatuna jibge a bakin ƙofa kowanne da takardarsa mai launi a hannu. Ga wasu mata su goma sha biyu sanye da huluna rawaya iri ɗaya, sai shewa suke tun ba su ga ɗakunansu ba. Ga wani tsoho a keken guragu ya kafa 'yar tuta a bayansa, yana gaisawa da duk wanda ya gifta kamar mai neman ƙuri'a. A bayan ginin kuwa jirgin ne tsaye, fari tas, hawa kan hawa, ya tare rabin sararin sama. Gesa ta tsaya cak a tsakiyar hanya ta kama hannun mijinta.

"Hinnerk, namu ne fa."

"Na sati guda," in ji shi. Amma ya ji daɗi har cikin ransa, don rabon da ya ga fuskarta haka ya manta.

Masu karɓar kaya sun san shi. Ɗaya ya sara masa ya ce, "Kyaftin, yau kuma ta ƙofar manya?" Hinnerk ya ce masa ya riƙe akwatin nan da mutunci, ba buhun dankali ba ne. Suka shiga babban zaure. Aka ba su kati mai lamba goma sha huɗu, aka ce su zauna sai an kira rukuninsu. A lokacin ana kiran na shida.

Gesa ta sami kujera, nan da nan ta ƙulla ƙawance da matan huluna, har an fara miƙa mata alewa. Shi kuwa gogan zama ya gagare shi. Hannayensa ba su san inda za su sa kansu ba. Ya sa su a aljihu, ya fitar, ya goya su a baya. Ya je bakin gilashi ya leƙa ƙasa, sai ga igiyoyin jirgin a miƙe zuwa turakunsu. Ya ƙirga, takwas. Ta uku daga gaba ba ta kwanta masa ba sam, wani ya ɗora ta a kan 'yar uwarta. Can ƙarshen gaɓa kuma ga ɗan ɗakin masu igiya, ƙofarsa a buɗe, motar aikinsu a gefe.

Ya dawo ya tsaya a kanta yana sosa ƙeya. "Bari in leƙa in gaisa da mutanenmu. Minti goma."

Gesa ta ajiye alewar. Da murmushi ta yi maganar, don matan huluna suna ji, amma idonta ba ya murmushi. "Je ka. Sai dai ka ji ni da kyau, tsoho. Na jira ka da abinci, na jira ka da jaririya, na jira ka da kek. Yau ba zan jira ka ba. Uku da rabi, ko da kai ko ba kai, ina ciki."

"Haba, tsohuwa, ina jirgin zai je? Ga shi nan a ɗaure."

Matan huluna suka kwashe da dariya, ɗaya ta ce nata mijin ma haka yake, shi ya sa ta baro shi a gida. Hinnerk ya fita. Biyu saura kwata.

Daga zauren zuwa ɗakin masu igiya, in da tsuntsu ne, fiffike biyu ya isa. Ga ɗan Adam kuwa sai ya fita titi, ya zaga bayan shingen, ya wuce filin ajiye motoci, ya shiga ta ƙofar ma'aikata. Tafiyar minti ashirin ce, amma ƙafafunsa sun san hanyar, ko ji bai yi ba. Mai gadin ƙofar ya rubuta sunansa ba tare da ya tambaya ba.

"Moin!" in ji Hinnerk daga bakin ƙofa, irin gaisuwar mutanen Hamburg.

Mutum biyu ne a ciki. Orhan, wanda suka yi shekara ashirin suna jan igiya tare, da Sönke, dogon nan da ba ya magana sai ta zama dole. Orhan ya dube shi sama da ƙasa, ya ajiye kofinsa, ya miƙe ya ƙame.

"Wallahi Kyaftin ne da kansa! Sönke, share wa Kyaftin kujera, kada kwat ta yi datti. Wa ya mutu ka gaji kwat ɗin nan?"

"Ubanka ne ya ba ni aro. Wane makaho ne ya ɗaure igiya ta uku?"

"Ka ji shi ko? Ko zama bai yi ba."

"Ni ne," in ji Sönke.

"To ai na sani."

Aka zuba masa kofi a tsohon kofinsa mai tsagaggen baki, wanda ba wanda ya taɓa tun tafiyarsa. Aka ciro burodi da kifi da albasa daga takarda. Orhan ya nuna masa bango: sun kafe tsohuwar safar hannunsa da ƙusa a saman ƙofa, yatsun duk sun huje. Hinnerk ya ce aikin banza ne, amma sai da ya juya baya ya fyace hanci. Daga nan hira ta ɓarke. Aka tuno ranar da igiya ta ja Orhan cikin ruwa ya fito da hularsa a ka. Aka tuno matuƙin nan da ya daki gaɓa sannan ya fito yana zagin iska. Hinnerk ya sake ba da labarin guguwar da ya ɗaure jirgi shi kaɗai, wadda duk shekara sai iskarta ta ƙaru.

Suna cikin haka oba-oba ta yi magana: ƙaramin jirgin kaya yana shigowa gaɓar gefe. Orhan da Sönke suka miƙe. Hinnerk ma ya miƙe, ba tare da kowa ya kira shi ba.

"Kallo kawai zan yi."

"Ba a taka gaɓa sai da riga, kai ka kafa dokar," in ji Orhan, ya jefa masa rigar aiki mai ruwan goro. Ya ɗora ta a kan sabuwar kwat.

Kallon nasa kuwa da baki ne. Ya tsaya a bayansu yana ihu, a sassauta, a ja, Sönke ya ɗauke ƙafarsa daga cikin igiya in yana son ya koma gida da ita. Iska tana kaɗawa, ruwa yana wari irin nasa, tsuntsaye suna kuka a sama. Daɗi ya cika shi. Ya ɗaga kai ya dubi agogon jikin ɗakin, uku da minti goma. Ya lissafa a ransa yadda ya saba lissafawa tun yana saurayi: jirgin biyar, mai igiya yana bakin turke huɗu da rabi. Sauran awa guda da minti ashirin. Sabo turken wawa, in ji masu magana. Ya koma ya karɓi kofi na biyu.

Uku da minti ashirin da biyar ƙaramin kwalekwalen aiki ya tsaya, Birte Carstens ta hauro. Ita ce shugabar masu igiya yanzu, kuma Hinnerk ne ya koya mata riƙon igiya tun ranarta ta farko. Tana ganinsa ta yi turus.

"Me kake yi a nan?"

"Gaisuwar ke nan? Na zo in ga yadda kuke lalata mini aiki."

"Ba yau za ku tafi ba? Ba wancan ne jirginku ba?"

"Shi ne. Biyar zai tashi."

"Ai da saura," in ji Orhan. "Mu kanmu sai huɗu da rabi za mu je."

Birte ta dafe kai da hannu biyu. "Ku uku duk ba mai hankali ko ɗaya! Huɗu da rabi namu ne, na masu igiya. Shi fasinja ne! Uku da rabi ake rufe musu. Bara a kan idona aka mayar da wasu mata da miji, minti shida suka makara, suna tsaye a nan suna kallo na kwance jirgin. Hinnerk, ni zan kwance shi yau, kuma ƙarfe biyar zan kwance, ko kana ciki ko ba ka ciki. Kai ka koya mini."

Kofin ya kusa suɓuce masa. Shi ya koya mata, ba ƙarya. Ya dubi agogo, ya dubi jirgin, sai maganar Gesa ta dawo masa da muryarta da komai. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko a ranar guguwar tasa.

Ya zura da gudu ta gaɓa, kai tsaye wajen jirgin. Ga shi nan kusa, har yana jin kiɗan da ake yi a sama. Sai shinge, da ƙofa a kulle, da wani mai gadi da bai san shi ba.

"Buɗe, ɗan'uwa, a cikinsa zan tafi!"

"Katin shiga?"

"Yana wajen matata. Shekara talatin da tara ina aiki a gaɓar nan!"

"To ka fi ni sanin doka ke nan. Fasinja ta zaure yake bi."

Ba gardama, gaskiyarsa ce. Kafin ya juya sai ga motar aiki ta taka burki a bayansa, Orhan ya leƙo. "Hau, Kyaftin, kada ka mutu mana a nan!"

Suka fita ta ƙofar ma'aikata kamar an koro su. Orhan yana tuƙi yana addu'a yana zagin kansa. A kwanar filin motoci suka tarar da bas-bas ɗin da suka sauke mutane sun jeru za su fita, ba gaba ba baya. Agogon mota ya nuna uku da minti talatin da uku. An riga an rufe. Hinnerk ya buɗe ƙofa ya dira.

Mutum mai shekara sittin da shida, da burodi da kifi a ciki, da takalmin da bai saba da ƙafarsa ba, ba gudu yake ba, wahala yake. Amma ya yi. Yana gudu yana ganin abin da zai faru: Gesa a sama ita kaɗai cikin shuɗiyar rigarta, shi a ƙasa yana ɗaga mata hannu, ga fasfo ɗinsa a jakarta. Ba zai ga laifinta ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ba za ta yi masa faɗa ba in ta dawo. Za ta ce tafiya ta yi kyau, ta ɗora tukunya, shi ke nan, maganar ta mutu har abada.

Filin gaban zauren da ɗazu ba masaka tsinke yanzu wayam, ba akwati ko ɗaya. An ja ƙofar gilashi saura kaɗan. Mai tsaron ƙofar ya ga rigar ruwan goro ya nuna masa gefe. "Ma'aikata ta baya."

Hinnerk ya dafa gwiwa yana haki. Da ƙyar maganar ta fito, kuma bai taɓa faɗinta ba a rayuwarsa. "Ni... fasinja ne."

Mutumin ya ƙare masa kallo. "Herr Thode?"

"Ni ne."

"Alhamdu lillahi. Shiga da sauri, matarka ta kusa ƙarar mana da takardu."

Zauren ya zama fili. Kujeru ba kowa, an kashe fitilun kantoci duka, masu shara sun fara aiki daga can ƙarshe. Kanta guda ce kawai da haske. A gabanta wata mace ce tsaye cikin shuɗiyar riga, ta sunkuya tana rubutu a hankali kamar mai koyon alifu. A bayan kantar kuma wata ma'aikaciya mai furfura, an rubuta Lindhorst a ƙirjinta, ta zuba tagumi, ga tarin takardu a yamutse a gefenta.

Gesa ba ta waiwayo ba. Ta ji takunsa, shekara talatin da tara tana jin sa a matakala. Ta ce wa ma'aikaciyar, "Af, Frau Lindhorst, kin ga tabarau ɗin nawa. Ashe yana kaina."

"Ikon Allah," in ji Frau Lindhorst, fuskarta ba alamar dariya. "Minti goma muna nema."

Gesa ta sauko da tabarau, ta cike takardar bayanin lafiyar fasinja cikin ƙiftawar ido, ta sa hannu, ta ciro fasfo biyu ta ajiye.

Frau Lindhorst ta dubi Hinnerk. "Herr Thode, doka ta ce in rufe uku da rabi. Doka kuma ta ce ba na rufewa da fasinja a gabana yana cike takarda. Matarka ta ɓata guda huɗu. A ta farko ta rubuta ranar haihuwarka a gurbin tata. A ta biyu ta amsa cewa tana da duk cututtukan da aka lissafa. Ta uku biro ya ƙi. Ta huɗu ban ma san me ya same ta ba. Sau biyu ana kira na daga sama, kuma da ka ƙara minti uku da na rufe, ko da za ta yi kuka. Dubi nan, kada ka motsa." Ta ɗauki hotonsa haka nan, jage-jage da gumi, da rigar aiki a kan kwat. Hoton da ya bi shi a katinsa ke nan har sati ya ƙare.

Suka bi ta wurin bincike, suka shiga doguwar gadar da ke kai mutum cikin jirgi, su kaɗai, ma'aikata suna tafa musu da hannu su yi sauri. Sai a tsakiyar gadar ya sami numfashin magana.

"Kin ce ba za ki jira ni ba."

"Wa ya jira ka? Takarda nake cikewa."

"Gesa."

"Kana warin albasa. Kuma cire rigar nan, kada su ba ka tsintsiya."

Ta faɗi haka, amma ta kama hannunsa ta riƙe gam har suka taka cikin jirgin. Suna shiga aka rufe ƙofa a bayansu.

Biyar saura kwata suna can hawa na sama, a bakin ƙarfe, cikin jama'a. Kiɗa na tashi, ana raba abin sha a dogayen kofuna. Matan huluna suka hango su suka saki shewa. "Ga ɓataccen an samo!" Ɗaya ta cire hularta rawaya ta kifa masa a ka, ya bar ta, don ya san yau ba shi da bakin magana.

Ya leƙa ƙasa. Bai taɓa ganin gaɓar daga nan ba. Mutum uku cikin ruwan goro, ƙanana ƙwarai, kowa a bakin turkensa. Birte ta ɗaga hannu, aka sassauto igiyoyi daga jirgi, Orhan ya zare ta farko ta faɗa ruwa. Ta biyu. Da aka zo ta uku, wadda Sönke ya ɗora a kan 'yar uwarta, sai ta cije. Hinnerk ya cika ƙirji da iska zai yi ihu. Gesa ta sa masa kofi a hannu.

"Sha. Ba aikinka ba ne."

Ya sha. Sönke ya sunkuya, ya yi 'yan dabarunsa, igiya ta fita. Aka ci gaba da zare sauran har saura guda. Birte ta je kanta da kanta, ta tsaya, ta ɗaga kai tana neman su. Gesa ta fizge rigar ruwan goron daga hannun mijinta ta shiga kaɗawa da dukkan ƙarfinta. Birte ta gan su. Ta zare igiyar ta sake ta, sannan su ukun suka jeru suka cire huluna suna ɗaga musu hannu. Jirgin ya yi wani irin kuka da ya girgiza ƙarfen da suke dafe da shi, ruwa ya fara buɗewa tsakaninsu da gaɓa. Ƙarfe biyar daidai.

"Ana ɗaga mini hannu, Hinnerk," in ji Gesa. Tana dariya, hawaye na zuba, ba ta ko share su ba. "Ka gani? Ni ake ɗaga wa."

Jirgin ya juya a hankali ya kama hanyar teku. Gari ya riƙa wucewa ta damansu, hasumiyoyi, kasuwar kifi, mutane a bakin ruwa suna ta kaɗa hannu. Da suka zo daidai Altona, Gesa ta ɗora madubin hangen nesa a ido ta daɗe tana nema, sannan ta miƙa masa.

"Ga gidanmu. Jan ginin nan, hawa na huɗu, taga ta biyu daga hagu. Mai farin labule."

Ya karɓa ya duba. Da ƙyar ya same ta. 'Yar taga ce, ko tafin hannu ba ta kai ba, cikin ɗaruruwan tagogi. Jirage nawa ya kwance suka wuce ta nan? Dubbai. Kowanne ta gan shi daga bayan labulen can, ita kaɗai, da abinci a rufe a kan tebur. Shi a tunaninsa kullum shi ne wanda ake bari a gaɓa. Kunya ta kama shi, da tausayinta, da wani irin son ta.

Ya sauke madubin. "Ƙarama ce ƙwarai."

"Daga ciki ba ta da laifi. Ana ganin komai."

"Ki yafe mini, Gesa. Na sa ki jira da yawa."

Ta dube shi, da hular mata rawaya a kansa da jan ido. Ta gyara masa wuyan kwat.

"Na yafe. Ana fara cin abinci ƙarfe shida, a hawa na biyar."

Hinnerk ya dubi agogonsa. Biyar da minti ashirin da biyar. Ya miƙa mata hannu ya ce gara su tafi yanzu, don bai san hanya ba.